Kaifin Awo da Yawan Mashigai: Iyakar Abin da Ƙananan Na'urorin Lantarki Ke Iya Aunawa

A Kuchigoro, unguwar da ke gefen titin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, tsakanin ƙofar birnin Abuja da Lugbe, gidaje da shaguna da dama suna haɗa wutar kamfanin rarraba lantarki na Abuja, AEDC, da janareta da batir da faifan sola domin gudanar da harkokinsu. A shagon cajin waya, da wajen mai sayar da ruwan sanyi, da gidan da aka kafa inbata, akwai ɗan allo da ke nuna lamba: bolt 12.4, ko kashi 60 cikin ɗari. Da wannan lamba ake yanke shawarar kashe firji ko barinsa, tayar da janareta ko jira, sayen sabon batir ko haƙuri da tsoho.

Lambar tana fitowa ne daga wani ɗan sashe da ke cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa na'urar, wato irin aisin da masu gyara ke gani a tsakiyar allon lantarki. Injiniyoyi suna kiran wannan sashe ADC, kuma aikinsa shi ne mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba. Abubuwa biyu ne suka fi taƙaita shi: ƙanƙantar bambancin da yake iya ganewa, wato kaifin awonsa, da yawan wurare da yake iya aunawa, wato mashigansa. Wanda ya san waɗannan iyakoki biyu zai san lambar da zai amince da ita da wadda zai sake bincikawa.

Aikin ADC

Zafi, da nauyi, da sauti, da zurfin ruwa a tanki, da cajin batir, dukkansu suna hawa da sauka ne a hankali ba tare da tsalle ba. Sensa tana mayar da kowannensu ƙarfin wuta da ake aunawa da bolt. Sensar zafi mai suna LM35, alal misali, tana ƙara milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selsiyos. Bolt ɗaya kuwa milibolt 1,000 ne.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi cikakku da aka gina da sifili da ɗaya. Saboda haka ADC yake raba tazarar da ke tsakanin sifili da wani ƙarfin wuta da aka tsayar zuwa matakai daidai wa daida, kamar matakalar bene, sannan ya faɗi matakin da wutar da ta shigo ta tsaya a kai. Duk abin da ya faɗa tsakanin mataki biyu, ɗaya daga cikinsu za a ba shi. Ƙarfin wutar da aka tsayar a matsayin ƙololuwar matakalar shi ne mizani, kuma kowane awo da shi ake gwada shi.

Tushen wannan fasaha yana cikin harkar tarho. A 1928 Harry Nyquist, injiniya a Amurka, ya wallafa bincike kan iyakar saƙon da waya ke iya ɗauka. A 1937 Alec Reeves, ɗan Ingila da ke aiki a Paris, ya ƙirƙiro hanyar mayar da muryar ɗan Adam lambobi, sannan a 1949 Claude Shannon ya tabbatar da ƙa'idar yawan awon da ake bukata domin kada sigina ta ɓace. Layin tarho na dijital yana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa da bit 8, faifan CD da ya fito a 1982 kuma yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16.

Lissafin kaifin awo

Da bit ake faɗin kaifin ADC, kuma kowane ƙarin bit ɗaya yana ninka yawan matakai sau biyu. Bit 8 yana ba da matakai 256, bit 10 matakai 1,024, bit 12 matakai 4,096, bit 16 matakai 65,536, bit 24 kuma matakai 16,777,216. Girman mataki guda shi ne mizani a raba da yawan matakai.

Allon Arduino Uno, wanda ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha a Najeriya suka fi fara koyo da shi, yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P mai ADC na bit 10. Da mizanin bolt 5, matakinsa guda milibolt 4.88 ne. Allon da ke da bit 12 da mizanin bolt 3.3 yana da matakin milibolt 0.8, wato ya fi na Uno ƙanƙanta kusan sau shida.

Ma'anar waɗannan alƙaluma tana bayyana ne idan aka mayar da su abin da ake aunawa. Idan aka haɗa LM35 da Uno, mataki guda ya kusan rabin digiri. Alluran rigakafi da yawa ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, saboda haka duk faɗin wannan tazara matakai 12 kacal ne. Idan aka koma kan mizanin cikin ƙwaƙwalwar na bolt 1.1, mataki guda zai dawo kimanin digiri 0.11, tazarar kuma ta zama matakai fiye da 50, ba tare da an ƙara sayen komai ba.

Haka lamarin yake ga sensar ACS712 da ake auna gudun wuta da ita. Samfurin amfiya 30 yana ba da milibolt 66 a kan kowace amfiya, na amfiya 20 milibolt 100, na amfiya 5 kuma milibolt 185. A kan Uno, mataki guda na samfurin amfiya 30 daidai yake da amfiya 0.074. Ƙwan fitila mai wat 9 a kan wutar bolt 230 yana jan kimanin amfiya 0.04, abin da bai kai mataki ɗaya ba. Mai gidan da ya haɗa irin wannan na'ura domin gano abin da ke cinye masa wuta da dare zai ga famfon ruwa da dutsen guga, amma ƙwan da aka manta a kunne zai wuce ta ba tare da ta gan shi sosai ba.

Yadda awon ke gudana a ciki

Mafi yawan ƙananan ƙwaƙwale suna amfani da hanyar kusantowa mataki-mataki, wadda ta yi kama da aikin mai sikeli mai faranti biyu. Yakan fara ɗora dutse mafi nauyi. In ya rinjayi kayan sai ya sauke shi, in bai rinjaya ba ya bar shi, sannan ya gwada mai rabin nauyinsa, ya ci gaba a haka har ya kai kan mafi ƙanƙanta. ADC na bit 10 gwaji goma yake yi, na farko da rabin mizani, na biyu da rubu'insa.

Kafin gwajin ya fara, wata 'yar ƙaramar kafasita a cikin ƙwaƙwalwar tana ɗibar wutar da ta shigo ta riƙe ta, domin kada ta motsa ana cikin awo. A ATmega328P awo guda yana cin bugun agogo 13, kuma kamfanin ya ƙayyade agogon ADC tsakanin bugu 50,000 da 200,000 a daƙiƙa ga mai son cikakken kaifi. Da saitin da Arduino ke zuwa da shi, awo guda yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, wato awo kusan 9,600 a daƙiƙa.

Akwai wata hanyar da ake kira delta-sigma, wadda ke yin awo mai yawan gaske da sauri sannan ta tace shi zuwa lamba guda mai kaifi. Tana ba da bit 16 zuwa 24, sai dai sakamakonta yana fitowa a hankali. Aisin HX711 da ake haɗa sikelin dijital da ita bit 24 gare ta, amma awo 10 ko 80 kawai take bayarwa a daƙiƙa, kuma hakan ya wadatar domin buhun shinkafa ba ya canza nauyi yana kan sikeli.

Kaifi daban, gaskiyar awo daban

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar yawan bit a matsayin shaidar gaskiyar lamba. Mai sayen hatsi ya san cewa ƙirgen mudu ba shi da amfani sai an san girman mudun. In aka rage shi, buhu guda zai ba da ƙirge mai yawa, alhali hatsin bai ƙaru ba. Mizani shi ne mudun ADC.

Batirin gubar dalma na bolt 12, irin wanda aka fi haɗawa da inbata, yana nuna kimanin bolt 12.7 idan ya cika ya huta, da kimanin 12.2 idan ya kai rabi. Masu ƙera irin wannan batir suna shawartar kada a riƙa sauke shi ƙasa da rabi, domin yawan yin haka yana rage masa kwana. Rabin bolt ke nan tsakanin batir cikakke da wanda ya kamata a sauke wa kaya.

Tunda ƙafar Uno ba ta ɗaukar bolt 12, akan rage wutar da resista biyu, misali mai om 20,000 da mai om 10,000, ta dawo kashi ɗaya cikin uku. Da haka mataki guda ya zama milibolt 14.6 a jikin batir, rabin bolt ɗin kuma ya zama matakai 34. Ta fuskar kaifi wannan ya isa. Matsalar tana wajen mizani. Uno yana ɗaukar wutar da ke ciyar da shi a matsayin mizani, shirin da aka rubuta masa kuma yana lissafi ne da bolt 5 cif. Idan cajar waya mai arha ce ke ciyar da allon, wutarta ta sauka zuwa 4.75, batirin da ke kan 12.2 zai fito a allo a matsayin 12.84. Batir mai rabin caji ya bayyana a cike, mai shi ya ci gaba da ɗora masa firji da fanka har gari ya waye. Ƙarin bit ba zai gyara wannan ba. ADC na bit 16 zai dai nuna lambar da ba daidai ba da ƙarin alƙaluma a bayan ɗigo.

Akwai sauran kafofin kuskure. Resista mai zoben zinariya tana iya kauce wa ƙimarta da kashi 5 cikin ɗari, mai zoben ruwan ƙasa da kashi 1. Mizanin cikin ATmega328P da ake kira bolt 1.1 yana iya zama ko'ina tsakanin 1.0 da 1.2 daga wannan aisi zuwa waccan, kamar yadda takardar bayanin kamfanin ta nuna, don haka sai an gwada kowane allo da mita mai inganci an rubuta ainihin ƙimarsa a cikin shiri. Takardar ta kuma ba ADC ɗin kansa kuskuren da ya kai matakai biyu. Zafin watannin Maris da Afrilu a Abuja, musamman a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano, yana motsa mizani da resista, shi ya sa gwajin da aka yi da sanyin hunturu yake bukatar maimaici da bazara.

Sai hayaniyar lantarki, wadda inbata da injin famfo da dogayen wayoyi ke haddasawa, tana sa lambobin ƙarshe rawa. Saboda ita ne injiniyoyi ke bambanta bit ɗin da aka rubuta a jikin kwali da bit ɗin da ke aiki a zahiri. Ƙwaƙwalwar RP2040 da ke kan allon Raspberry Pi Pico bit 12 aka rubuta mata, amma takardar bayaninta ta ce masu aiki 8.7 ne, wato matakai kusan 400 da za a dogara da su daga cikin 4,096. ADC na ESP32 shi ma bit 12 ne, kuma an san shi da karkacewa a kusa da sifili da kusa da ƙololuwa.

Mashigai da iyakarsu

Allon da ke da mashigai shida ba ADC shida gare shi ba. Guda ɗaya ne, da wani makunnin zaɓi a gabansa da ke juya shi daga wannan ƙafa zuwa waccan, tamkar mai awo ɗaya da mutane shida ke jira a layi. Wannan tsari yana da sakamako uku.

Na farko, saurin yana rabuwa. Awo 9,600 a daƙiƙa idan aka raba wa mashigai shida, kowace za ta sami 1,600.

Na biyu, ba a auna mashigai biyu a lokaci guda. Ga zafin ɗaki wannan ba komai ba ne, amma ga lissafin wat na wutar gida, inda ake ninka bolt da amfiya na lokaci ɗaya, ɗan jinkirin da ke tsakanin awo biyu a kan Uno ya kai kusan digiri 2 daga cikin 360 na zagayen wutar, kuma kuskuren da yake jawowa ya fi girma a kan kayan da ke da mota a ciki, irin su firji da famfo.

Na uku, saura daga awon baya yana iya shiga na gaba, kamar ragowar gero a mudun da za a auna dawa da shi. 'Yar kafasitar da ke riƙe wuta tana bukatar lokaci kafin ta cika ko ta sauke. Kamfanin ya tsara ADC na ATmega328P ne domin sigina mai turjiyar om 10,000 ko ƙasa da haka. Wanda ya sa manyan resista domin kada su tsotse batir zai ga lambar wata mashiga tana bin ta maƙwabciyarta. Maganin da aka saba yi shi ne ƙara kafasita ta nanofarad 100 a bakin ƙafar, ko a watsar da awon farko bayan kowane juyi a ɗauki na biyu.

Yawan mashigan da aka rubuta kuma sau da yawa ya fi wanda za a iya amfani da shi, domin ƙafa guda tana da ayyuka da dama. Ga yadda lamarin yake a allunan da suka fi yaɗuwa:

Arduino Uno, wanda ya fito a 2010 daga aikin da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005: bit 10, mashigai 6. Biyu daga ciki, A4 da A5, su ne kuma layin sadarwa na I2C, don haka da zarar an haɗa ƙaramin allon nuni ta wannan layi, saura 4.

Arduino Nano: ƙwaƙwalwa iri ɗaya da Uno a ƙaramin jiki, mashigai 8. Arduino Mega 2560: bit 10, mashigai 16.

ESP8266 na kamfanin Espressif da ke Shanghai: bit 10, mashiga 1 tak, wadda ke ɗaukar sifili zuwa bolt 1 a jikin aisin.

ESP32: bit 12, mashigai 18 a rukuni biyu. Rukuni na farko yana da 8, na biyu 10, amma na biyun Wi-Fi yana amfani da shi, saboda haka ba a dogara da shi yayin da na'urar ke kan intanet.

Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021: mashigai 4 a jikin aisin, ɗaya an ware ta domin auna wutar allon, saura 3. Babbar kwamfutar Raspberry Pi kuwa ba ta da ADC ko ɗaya.

STM32F103C8 na kamfanin STMicroelectronics: ADC biyu na bit 12, mashigai 10, kuma yana iya auna mashigai biyu a lokaci guda.

Batun ESP32 shi ya fi kama masu koyo. Ɗalibi zai haɗa sensa goma sha biyu, ya gwada a kan tebur komai ya yi daidai, sai ranar da ya kunna Wi-Fi domin aika bayanai zuwa waya wasu daga cikin lambobin su daina zuwa.

Ƙarfin wutar da ƙafa ke ɗauka

Kowace mashiga tana da iyakar wuta. A ATmega328P iyakar ita ce rabin bolt sama da wutar da ke ciyar da aisin. ESP32 da RP2040 da bolt 3.3 suke aiki, don haka sensar da ke fitar da bolt 5, kamar ACS712, sai an rage wutarta kafin a haɗa. Wuce iyaka yana ƙona mashigar, wani lokaci aisin gaba ɗaya.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙololuwarta tana kaiwa bolt 325 a sama da 325 a ƙasa. Haɗa ta da allo ta resista kawai yana sanya wutar kisa a jikin allon da duk wayar da ta taɓa shi. Ana auna ta ne ta ƙaramar taransifoma da ke raba allon da layin wuta, irin ZMPT101B ga bolt, da sensar SCT-013 da ake maƙalawa a bayan waya ga amfiya. Tunda ADC ba ya karanta abin da ke ƙasa da sifili, akan ɗaga siginar ta zauna a tsakiyar matakala, rabin matakai na sama, rabi na ƙasa. Aiki a kan layin wuta na ƙwararren mai gyaran lantarki ne.

Ta fuskar sauri, ƙa'idar Shannon ta ce dole yawan awo ya haura ninki biyu na saurin juyawar sigina. Ga wutar gida hakan na nufin fiye da awo 100 a daƙiƙa a mafi ƙaranci. A aikace ana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba, domin wutar ƙaramin janareta da ta inbata mai arha ba ta da santsin siffa. Uno yana samun awo kusan 190 a kowane zagaye idan mashiga ɗaya yake karantawa, kimanin 32 idan shida ne.

Batirin litiyam: inda iyakokin biyu suka haɗu

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 da ke ƙara shiga kasuwar sola ya nuna yadda kaifi da mashigai ke ƙarewa tare. Batirin da ake kira na bolt 48 yawanci ƙwayoyi 16 ne a jere, kowace bolt 3.2, jimilla 51.2, kuma ba a cajin ƙwaya sama da bolt 3.65. Dole a sa ido a kan kowace ƙwaya ita kaɗai, domin guda ɗaya da ta wuce iyaka tana iya lalata batirin duka.

Ƙwayoyi 16 suna bukatar mashigai 16, Uno kuwa 6 gare shi. Ko da an sami Mega, ƙwayar da ke saman jeri tana zaune ne a kan bolt fiye da 50. Idan aka rage bolt 60 ya dawo 5, mataki guda na bit 10 ya zama milibolt 58.6. Ana samun ƙarfin ƙwaya ne ta hanyar ɗebe awo ɗaya daga wani, kuma in kowanne ya kauce da matakai biyu, kuskuren zai iya haura bolt 0.2. Resista mai kuskuren kashi 1 cikin ɗari kaɗai tana iya ƙara rabin bolt a wannan tsayi. Alhali ƙwayar LiFePO4 tana shafe mafi yawan cajinta ne tsakanin bolt 3.2 da 3.3 ko ɗan sama kaɗan. Kuskuren ya fi abin da ake son aunawa girma.

Wannan ne dalilin da ya sa ake ƙera aisi ta musamman domin kula da batir. LTC6811 ta kamfanin Analog Devices tana auna ƙwayoyi 12, BQ76952 ta Texas Instruments kuma har 16, kowace ƙwaya tsakanin bakinta biyu kai tsaye. Batirin litiyam da aka harhaɗa ba tare da irin wannan allon kariya ba haɗarin gobara ne.

Hanyoyin faɗaɗa iyaka

Idan mashigai ne suka yi kaɗan, akan ƙara makunnin zaɓi na waje. Aisin 74HC4051 tana mayar da mashiga guda 8, CD74HC4067 kuma 16. Kaifi bai canza ba, sauri kuma ya ƙara rabuwa.

Idan allon ba shi da ADC, ko nasa bai gamsar ba, akan ƙara na waje. MCP3008 na Microchip, kamfanin da ya sayi Atmel mai ƙera ATmega a 2016, yana da bit 10 da mashigai 8. ADS1115 na Texas Instruments yana da bit 16 da mashigai 4 da mizaninsa na ciki, yana ba da awo har 860 a daƙiƙa, kuma ana iya jera guda huɗu a layin I2C ɗaya a sami mashigai 16. A saitin bolt 4.096 matakinsa milibolt 0.125 ne. Idan ana auna mashiga da ƙasa, rabin matakan ne ke aiki, wato bit 15. Ya dace da batir da zafi, amma saurinsa ya yi kaɗan ga cikakken nazarin wutar gida.

Akwai kuma dabarar tara awo. Domin samun ƙarin bit ɗaya ana haɗa awo 4, domin bit biyu awo 16, domin uku 64. Tana aiki ne kawai idan akwai 'yar hayaniya da ke motsa lambar ƙarshe, kuma ba ta gyara karkataccen mizani.

Mitar wuta da batun kuɗi

A gidajen haya inda ɗakuna da yawa ke kan mita guda, rabon kuɗin wuta yakan zama sanadin saɓani, kuma wasu kan nemi a haɗa musu na'urar da za ta ƙirga abin da kowane ɗaki ya sha. Irin wannan haɗi na gida yana iya nuna ɗakin da ya fi jan wuta, amma bai kai a raba kuɗi da shi ba. Mitar da aka ƙera domin caji tana amfani da aisi mai ADC daban na bolt da daban na amfiya, masu awo a lokaci guda, kuma mita mai daraja ta 1 ba ta wuce kuskuren kashi 1 cikin ɗari a yanayin aikinta na ƙa'ida. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke gwada mitoci da tabbatar da su a cibiyoyinta, ciki har da na Oshodi a Legas da Kaduna da Fatakwal, yayin da hukumar NERC ke tsara farashi da sauraron ƙorafin masu amfani da wuta.

Abin dubawa kafin haɗawa ko saye

Mai shirin haɗa na'ura zai fara ne da rubuta abin da zai auna, da mafi ƙanƙantar bambancin da ke da muhimmanci a gare shi, ya lissafa ko mataki guda ya fi wannan bambanci ƙanƙanta sau da dama. Sai ya ƙirga sensa, ya cire ƙafafun da allon nuni da Wi-Fi za su cinye, ya bar mashiga ɗaya ko biyu domin gaba. Daga nan ya duba mizani, da iyakar wutar kowace ƙafa, da saurin da siginar ke bukata. Duk waɗannan alƙaluma suna cikin takardar bayanin da kamfanonin ke sanyawa kyauta a intanet.

Ga mai shago ko mai gida da ba ya haɗa komai, gwaji guda ya isa. A cire wa batirin gubar dalma caji da kaya, a bar shi ya huta na wasu sa'o'i, a auna bakinsa biyu da mitar hannu mai inganci, a kwatanta da abin da allon inbata ko na'urar cajin sola ke nunawa. Bambancin bolt 0.1 a batirin bolt 12 ya kai kimanin kashi 10 cikin ɗari na cajinsa. In an sami bambanci, a rubuta shi a jikin akwatin, a riƙa ƙarawa ko ragewa a duk lokacin da aka karanta lambar, sannan a maimaita gwajin idan yanayi ya juya daga hunturu zuwa bazara.